ALGUS MAI AMFANI: Darasi A Kan Baƙin Ƙwayoyi Cikin Duwatsun Lantarki

Kowa ya san algus abin ƙi ne. Mai nono in ta ƙara ruwa, ko mai gero in ya zuba tsakuwa a mudu, ba wanda zai yaba musu. Amma akwai wata sana'a guda wadda ba ta yiwuwa sai da algus, har a kan kashe kuɗi masu yawa don a koyi auna shi daidai. Ita ce sana'ar ƙera 'yan duwatsun nan da ke cikin rediyo, da wayar hannu, da kwamfuta, da faifan hasken rana da a ke kafawa bisa rufin ɗaki. Na zaɓi in yi magana a kanta, 'yan'uwana ɗalibai, gama yaran da za mu koyar sun riga sun riƙe waɗannan abubuwa a hannunsu. In ba mu gaya musu yadda su ke aiki ba, sai su ɗauka tsafi ne. Abin da na ke so mu gane shi ne, baƙuwar ƙwaya guda cikin dutse tana buɗe wa lantarki hanya, ita ce kuma ta ke tare wa sauti da zafi hanya.

1. 'Yan Tsaka-tsaki

Ga wutar lantarki, abubuwa iri uku ne. Akwai masu ba ta hanya, kamar jan ƙarfe da azurfa. Akwai masu hana ta, kamar gilas da roba da busasshen itace. Sa'an nan akwai na tsakiya, waɗanda ba su ba ta hanya sosai ba, ba su kuwa hana ta ɗungum ba. Su za mu riƙa kira 'yan tsaka-tsaki cikin wannan darasi. Manyansu su ne silikon da jamaniyam.

Akwai ɗaya daga cikinsu wanda kakanninmu suka sani tun da daɗewa, watau baƙin dutsen nan mai ƙyalli da a kan niƙa a yi tozali. Dalma ce haɗe da farar wuta, ana kuwa haƙo irinsa wajen Abakaliki. (Dalma fa guba ce, kada a sa wa yaro irin wannan tozali a ido.) Cikin 1874 wani Bajamushe, Ferdinand Braun, ya lura in an ɗora bakin waya bisa irin wannan dutse, lantarki ya fi son wucewa ta fuska guda bisa ga ɗayar. Da wannan a ka yi rediyoyin farko marasa batir. Amma mai rediyon sai ya yi ta lalube da siririyar waya bisa dutsen, nan ya yi magana, can ya yi shiru, ba wanda ya san dalili. Dutse biyu daga rami ɗaya ma ba su zuwa daidai. Abin ya gundure masana, har cikin 1931 babban masani Wolfgang Pauli ya rubuta wa wani abokin aikinsa wasiƙa yana ba shi shawara ya rabu da 'yan tsaka-tsaki, wai aikin ƙazanta ne. A cikin wannan shekara kuwa Alan Wilson, mutumin Ingila, ya nuna da lissafi cewa ƙazantar nan ita ce mabuɗin al'amarin.

2. Jeri

Ku dubi ƙwayar gishiri ko ta sukari da tabarau mai ƙara girma, za ku ga tana da kusurwa da fuska sumul. Dalili shi ne, ƙwayoyin zarra da ke cikinta a jere su ke, sahu bayan sahu, kamar shuka bisa kunya. Duk abin da ƙwayoyinsa suka jeru haka, shi a ke kira kiristal.

Silikon daga yashi da farin dutse a ke fid da shi. Ko wace zarra tasa tana da ilektiron 4 a bayanta, mu ce hannu 4 ke nan, ta kama maƙwabta 4 da su. In kun yanki ɗan guntun silikon mai santimita ɗaya tsawo da faɗi da kauri, zarrar da ke ciki, in za a rubuta yawanta, sai a sa 5 a bi ta da sifiri 22. To, lantarki ba kome ba ne sai tafiyar ilektiron. Ga shi kuwa a nan ko wane hannu a riƙe ya ke. Sai ɗai ɗai waɗanda zafin ɗaki ya fizge, su kuwa cikin guntun nan ba su wuce 1 mai sifiri 10 ba. Watau cikin zarra miliyan sau miliyan 5, ilektiron ɗaya tak ke yawo. Shi ya sa tsantsar silikon ba ta da wani amfani ga mai rediyo.

3. Baƙo Mai Hannu Biyar Da Baƙo Mai Hannu Uku

Yanzu sai a kawo baƙo. Fosfaras hannu 5 gare shi. In ya zauna a mazaunin silikon, 4 su kama maƙwabta, na biyar ya rasa abin kamawa. Ƙarfin da a ke bukata a saki wannan na biyar bai fi kashi ɗaya cikin 25 na wanda a ke bukata a ɓalle hannun silikon ba, saboda haka ɗumin ɗaki kaɗai ya isa ya sake shi ya shiga yawo. Asinik ma haka ya ke yi.

Boron kuwa hannu 3 gare shi. In ya zauna, sai a sami wuri guda da babu ilektiron, mu kira shi gurbi. Wanda ya taɓa wasan dara ya san wannan. In ka ɗauki ɗa ka tura shi gurbin da ke dama, gurbin da ba kowa ya koma hagu ke nan. Haka ilektiron na maƙwabci ya kan faɗa gurbin, ya bar nasa a buɗe, na gaba ya faɗa, har ka ga gurbin yana tafiya cikin dutsen kamar wani abu mai rai. Shi ma ɗaukar lantarki ya ke yi, sai dai ya ba ilektiron baya.

Nawa a ke zubawa? A nan ne abin mamaki ya ke. In an sa fosfaras ɗaya cikin zarrar silikon miliyan 10, kamar mutum 20 ke nan cikin mutum miliyan 200. Amma masu yawo cikin ɗan guntun nan namu sun tashi daga 1 mai sifiri 10 sun zama 5 mai sifiri 15, dutsen kuma ya fi dā ba lantarki hanya fiye da sau 100,000. Ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.

Babban amfani yana wurin da iri biyun nan suka haɗu cikin kiristal guda. A bakin iyaka, ilektiron na wannan gefe su kan faɗa guraben wancan, sai a bar wani siririn fili wanda ba mai yawo cikinsa. In batir ya tura ta fuska guda, filin ya tsuke, wuta ta wuce. In an juya batirin, filin ya ƙara faɗi, wuta ta tsaya. Russell Ohl ne ya yi kiciɓis da wannan cikin 1940, a ɗakunan bincike na kamfanin Bell a Amurka. Yana da wani sandan silikon mai tsaga a tsakiya, da haske ya faɗa masa sai ga lantarki ya fito, wajen sulusin ƙarfin batirin tocila. Abokan aikinsa, Jack Scaff da Henry Theuerer, suka bi diddigi, suka tarar gefe guda fosfaras ne ya yi rinjaye, ɗayan kuwa boron.

Daga nan ƙofa ta buɗe. Cikin Disamba 1947 John Bardeen da Walter Brattain suka yi tiransista ta farko da jamaniyam, William Shockley kuma ya ƙago mai hawa uku, inda 'yar wuta kaɗan a hawan tsakiya ke sarrafa babba, kamar yadda mai lambu ke buɗe hanyar ruwa ko ya toshe ta da ɗan curin laka. Su uku a ka ba kyautar Nobel cikin 1956. Cikin 1954 a ka fito da faifan hasken rana na silikon mai mai da kashi 6 cikin 100 na haske lantarki, a wannan shekara kuma a ka fara sayar da rediyon aljihu, Regency TR-1, mai tiransista 4.

4. Sai An Wanke A Ke Rini

Marini ba ya tsoma zane mai dauɗa cikin baba. Tun da ya ke baƙo ɗaya cikin miliyan 10 yana wannan aiki, lalle ne a fara korar duk baƙin da ba a gayyata ba, kafin a shigo da na kirki. Dabara biyu suka taimaka. Ta fari ta Jan Czochralski ce, mutumin Folan, wanda ya gano ta cikin 1916, Gordon Teal da John Little kuma suka fara aiki da ita ga jamaniyam cikin 1948. A narkar da abin cikin tukunya (silikon sai zafi ya kai digiri 1,414), a tsoma ɗan irin kiristal, a riƙa juya shi ana ja sannu sannu, kamar mai kaɗi tana jawo zare daga auduga. Sandan da ke fitowa jeri guda ne daga kai har gindi. Har wanda faɗinsa ya kai santimita 30 a kan jawo, a yayyanka shi faifai faifai. Ta biyu ta William Pfann ce, wadda ya bayyana cikin 1952. A narkar da ɗan siririn wuri a jikin sanda, a riƙa matsar da narkakken wurin daga wannan kai zuwa wancan. Yawancin ƙazanta ta fi son zama cikin narkakke, sai ta bi shi kamar shara gaban tsintsiya, ta taru a ƙarshe, a yanke a yar. Silikon da a ke yin ƙwaƙwalwar kwamfuta da shi, tsabtarsa ta kan kai kashi 99.9999999 cikin 100, ko fiye.

Baƙi fa ba halinsu ɗaya ba. Jan ƙarfe, da baƙin ƙarfe, har da zinariya, in sun shiga, tarko su ke zama, su kama ilektiron da gurbi su haɗa su, aiki ya mutu. Sodiyam, wanda ke cikin gishiri da gumin jikinmu, ya wahal da masu ƙera tiransista ƙwarai wajen 1960 zuwa 1965 kafin su gane shi ne ɓarawon. Don haka ma'aikatan wurin ke rufe jiki duka, har fuska da hannu. Oksijin kuwa, wanda ke shiga daga jikin tukunyar narkarwa, in bai yi yawa ba ƙarfafa faifan ya ke yi, ya kuma kama miyagun ƙarafa ya riƙe su nesa da wurin aiki.

Ko baƙon kirki ma, in ya yi yawa ya kan zama cikas. Ko wane fosfaras da ya saki ilektiron ya zama kamar turke a tsakiyar hanya, yana karkatar da masu wucewa. A ma'aunin saurin ilektiron, silikon mai baƙi kaɗan yana da wajen 1,400, amma in baƙi sun kai ɗaya cikin 5,000 sai ya faɗo wajen 100. Masu tafiya sun yi yawa, amma tafiyar ta zama ta ranar kasuwa.

5. Sauti Cikin Dutse

Yanzu mu juya ga rabi na biyu. Ku kara kunne bisa tebur, wani ya ƙwanƙwasa can ƙarshe, za ku ji ya fi ƙarfi bisa ga yadda ku ke ji ta iska. Sauti girgiza ce wadda zarra ke miƙa wa maƙwabciyarta. Cikin iska yana tafiyar mita 343 a sakan ɗaya, cikin ruwa wajen 1,480, cikin silikon kuwa wajen 8,400 in ya bi sahu sosai, ya haura 9,000 in ya ratsa ta kusurwa. Cikin jamaniyam wajen 4,900 ne, gama zarrarsa ta fi nauyi, 73 ga 28 na silikon, riƙonta kuma bai kai na silikon ƙarfi ba. Makaɗa sun san wannan ƙa'ida: tsirkiya mai kauri ko sako-sako muryarta ƙasa ta ke, mai kalangu kuwa in ya matse hammata sai murya ta hau.

Ga abin da ya kamata mu riƙe. Zafi cikin dutse shi ma girgizar nan ce, sai dai mai sauri ƙwarai, mara tsari, wadda kunne ba ya ji. Cikin jan ƙarfe ilektiron ne ke ɗaukar yawancin zafi, amma cikin silikon kusan dukansa girgizar jeri ce ke kai shi. Saboda haka duk abin da ya tare wa sauti hanya, ya tare wa zafi.

Baƙuwar zarra nauyinta dabam, riƙonta dabam. In girgiza ta iso gare ta, ba ta amsawa daidai da sauran, sai wani kashi ya watse ko ya koma baya. Girgiza mai dogon taki ba ta damu ba, kamar raƙumi ne ya taka tsakuwa bai sani ba. Mai gajeren taki kuwa tururuwa ce, tilas ta yi karo. In saurin girgiza ya ninka biyu, watsewar ta kan ninka 16. Wannan ita ce ƙa'idar da Lord Rayleigh ya bayyana shuɗin sama da ita cikin 1871, Paul Klemens kuma ya yi lissafinta ga zafi cikin kiristal cikin 1955.

Ba sai baƙo na nesa ba ma. Silikon kansa iri uku ne a nauyi: cikin 100, wajen 92 masu nauyin 28 ne, 5 masu 29, 3 masu 30. Ga lantarki duk ɗaya su ke, amma girgiza tana bambanta su. Cikin 1958 Geballe da Hull suka gwada jamaniyam wanda a ka tace ya zama kusan nauyi guda, suka tarar cikin tsananin sanyi yana wuce da zafi wajen sau 3 bisa ga na kullum. Cikin 1990 kamfanin General Electric ya yi lu'ulu'u irin wannan, ya fi na kullum da wajen rabi a zafin ɗaki.

Wannan tarewa wani lokaci hasara ce, wani lokaci riba. Hasara ce cikin waya da kwamfuta, inda a ke so zafi ya fita da sauri, gama in ya taru na'ura ta kan rage gudu ko ta lalace. Ribar kuwa ga ta. A ma'aunin wucewar zafi, jan ƙarfe yana da wajen 400, silikon 150, jamaniyam 60, gilas 1. Ku haɗa silikon da jamaniyam, a zato sai a ce za a sami wani abu tsakanin 60 da 150. Ina! Ƙasa da 10 ya ke faɗowa, domin jerin ya cika da masu nauyi da marasa nauyi a cakuɗe. Da irin wannan haɗi, wani da fosfaras wani da boron, a ka yi wa kumbunan Voyager biyu abin ba da wuta, waɗanda Amurka ta harba cikin 1977. Fulutoniyam yana gasa kai guda, ɗaya kan yana fuskantar sanyin sarari, lantarki kuwa yana fitowa muddin wannan kai ya fi wancan zafi. Ana bukatar dutse mai barin lantarki ya wuce, ya hana zafi, algus ne kuwa ya biya bukata biyun. Voyager na ɗaya ya fita daga da'irar iskar rana cikin 2012, na biyu cikin 2018, suna aiko da labari da wannan wuta.

6. Inda Hanya Biyu Suka Gamu

Kada mu zaci lantarki da sauti kowa harkarsa ya ke yi. Girgizar jeri tana tuntuɓe da ilektiron, shi ya sa cikin silikon mai baƙi kaɗan saurinsu ke raguwa in zafi ya ƙaru. Cikin 1954 Charles Smith ya nuna in an matsa silikon ko jamaniyam mai baƙi, yadda ya ke ba lantarki hanya ya kan sake ƙwarai. Da wannan a ke yin 'yan na'urorin auna iskar taya da na auna bugun jini. Cikin 1957 Weinreich da White suka ga sauti yana kora ilektiron gabansa cikin jamaniyam, kamar iska da ƙaiƙayi. Cikin 1961 Hutson da McFee da White suka juya abin cikin wani kiristal na kadmiyam da farar wuta: suka sa ilektiron suka fi sautin gudu, sai ga su suna tura shi, yana ƙara ƙarfi.

A wannan shekara ta 1961 kuma Robert Keyes na kamfanin IBM ya nuna baƙi masu yawa suna sa jamaniyam ya yi laushi da kashi kaɗan cikin 100. In sauti ya matsa jeri, ilektiron ɗin da baƙi suka kawo su kan gusa zuwa inda ya fi musu sauƙi, dutsen ya ƙara ba da kai, sauti ya rage gudu. Wannan ma an sami amfaninsa. Waɗansu na'urori suna ƙidaya lokaci da ɗan ƙanƙanen silikon mai kaɗawa. Amma kaɗawarsa ta kan ragu da wajen kashi 30 cikin miliyan ga ko wane digiri da zafi ya hau. In ya hau digiri 10, agogon zai yi lattin sakan 26 a kwana guda. Da a ka cika shi da fosfaras ko boron bisa awo, sai halin da baƙin suka kawo ya kashe yawancin wannan latti.

7. Yadda Za Mu Kai Shi Aji

Ba sai da kayan tsada ba. Ga gwaji uku da na ke ganin ko wace makaranta za ta iya.

Na fari, a tona gurabe 10 a jere, a sa tsakuwa 9. Yara su riƙa matsar da tsakuwa ɗaya ɗaya zuwa dama, ɗaya daga cikinsu ya bi gurbin da ba kome da yatsa, ya faɗi inda ya nufa.

Na biyu, yara biyu su ja doguwar igiya, ɗaya ya fizga a ga kaɗawa ta tafi har ƙarshe. Sa'an nan a ɗaura dutse a tsakiya a sake fizga, za a ga wani kashi ya komo. A gwada kaɗawa mai nawa da mai sauri, a ga wadda dutsen ya fi tarewa.

Na uku, a haɗa batir da ɗan ƙwan fitila irin na tocilan zamani, a tsoma bakin wayoyi biyu cikin ruwan sama, sa'an nan a barbaɗa gishiri a ga haske ya ƙaru. A gaya wa yara masu ɗaukar wutar a nan ƙwayoyin gishiri ne, ba ilektiron ba, abin da mu ke nunawa shi ne aikin ɗan kaɗan. Batir kaɗai fa, kada a kusanci wutar bango.

In yaro ya tambaye ku ko algus abu ne mai kyau ko mummuna, ku ce masa ya tambayi mai miya labarin gishiri: wane iri, nawa, a wace tukunya. Wanda ya san amsar ukun nan ga silikon, shi ke ƙera waya.

Ga lissafi uku don masu sha'awa, a kai amsa wurin Edita kafin fitowa ta gaba. (a) In an sa boron ɗaya cikin zarra miliyan ɗaya, gurbi nawa ke cikin ɗan guntun nan namu? (b) Sakan nawa sauti zai yi ya ci mita 8,400 cikin iska, nawa kuma cikin silikon? (c) In zafi ya hau digiri 15 maimakon 10, lattin sakan nawa agogon nan zai yi cikin mako guda?